Yadda na yi digirin koyarwa haɗe da zane-zane

A gidanmu koyarwar ce ta buɗe wa zanen ƙofa. Tun ina firamare nake cika bayan littattafaina da furanni da zanen lalle, kuma duk bikin da za a yi a unguwa ni ake kira in yi wa ƙawayen amarya ƙunshi. Amma da na ce zane nake son karantawa a jami'a, Baba ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni, "To idan kin gama, wane aiki ake ba mai zane?" Yayana ne ya nemo amsar. Ya ce, "Baba, akwai wanda ake haɗawa da ilimin koyarwa, ta fito malamar makaranta." Nan take Baba ya ce Allah ya sa albarka. A wurinsa malanta aiki ne na mutunci ga 'ya mace, kuma har yau ban ga kuskure a wannan ra'ayin nasa ba.

A lokacinmu shiga ba ta da wani bambanci da sauran kwasa-kwasai: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, jarrabawar JAMB, sai tantancewar jami'a. Shekara huɗu ne ga wanda ya shigo daga sakandare. Masu takardar shaidar malanta ta NCE kuwa a aji biyu suka same mu, su shekara uku ce tasu. Yawancinsu magidanta ne da matan aure da suka riga suka sha ƙurar alli, kuma na ƙaru da su ƙwarai, domin su sun san yadda aji yake da ƙarfe goma sha biyun rana a watan Afrilu, mu kuwa a littafi kawai muka san shi.

Karatun kansa a gini biyu yake, kuma tsakaninsu akwai 'yar tafiya. A tsangayar ilimi muna zama a babban ɗakin lakca tare da masu haɗa koyarwa da Lissafi, da Hausa, da addinin Musulunci, da Tarihi, mu ɗaruruwa. A can ake koya mana tarihin ilimi a Najeriya, da falsafarsa, da halayyar yara, da tsara manhaja, da yadda ake auna fahimtar ɗalibi. A sashen zane kuwa ba mu da yawa, kowane malami ya san sunan kowa, kuma darasi ɗaya yana iya cinye wuni. Sau da yawa lokutan kan ci karo. Kana tsakiyar cuɗa yumɓu sai a ce an shiga lakca a can, ka wanke hannu sama-sama ka ruga, ka zauna kana rubutu da busasshen yumɓu a farce.

Darasin zane na farko yana nan a idona. An ɗora tulu da ƙwarya a kan tebur, an shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashinsu, mu kuma mun kewaye su a kan bencin zane da muke kira jaki. Malamin ya nuna mana yadda ake miƙa hannu sosai da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna tsawon tulun da babban yatsa, sannan a gwada faɗinsa da wannan tsawon. Kusan dukkanmu mun zana bakin tulun zagayayye. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Daga inda kike zaune, haka kike ganin bakin nan? Sake dubawa." Da ka sake dubawa sai ka ga bakin a shafe yake, siriri, don daga gefe kake kallonsa. Kanmu ya san bakin tulu zagayayye ne, shi ne hannu ya bi abin da kai ya sani ya bar abin da ido ya gani. Zango guda muka yi ana raba mu da wannan ɗabi'ar, da fensir da gawayi, kafin a bar mu mu taɓa kala. Daga baya aka shiga fenti, da ginin tukwane, da rini da buga zane a yadi, da tsara haruffa da hotunan talla, da sassaƙa.

Kuɗin kayan aiki shi ne babban nauyin wannan karatu, wanda masu sauran kwasa-kwasan koyarwa ba su san shi ba. Kwali, fenti, buroshi, yadi, kandir, duk daga aljihunka. Mun riƙa yin karo-karo muna sayo fenti manyan gwangwani daga Kano mu raba a 'yan kwalabe.

Maganar surar mai rai ba zan tsallake ta ba, don ita ce tambayar farko da kowane ɗan'uwa yake yi mini, kuma ni ma ta dame ni. Akwai darasin zana mutum, inda wani zai zauna cikin kayansa a zana shi, akwai kuma sassaƙa. Na kai maganar wurin malaminmu na Islamiyya. Ya yi mini bayani a natse cewa bishiya da dutse da gini da duk abin da ba shi da rai babu saɓani a kansu, mutum-mutumi mai jiki shi ne aka fi tsanantawa, zane a takarda don neman ilimi kuma malamai sun yi maganganu daban-daban a kai. Da wannan na samu malamin sassaƙa na gaya masa damuwata. Bai yi mini dariya ba, bai kuma matsa mini ba. Ya ce abin da yake son in koya shi ne yadda siffa take tsayawa a sarari, yadda nauyi yake daidaita, yadda haske yake sauka a kan tudu da kwari, kuma duk wannan ana iya koyonsa a jikin tulu ko zanen bango mai tudu. Haka na yi ayyukana, da dagi da zankwaye da randuna. Da muka zo zaɓen fanni a aji uku na ɗauki rini da zanen yadi.

Abin da ya fi ci mini rai a shekara biyun farko shi ne ɓangarorin nan biyu ba sa ga maciji da juna, ko in ce ba su san da zaman juna ba. Malaman ilimi in za su ba da misali, daga Lissafi ko Turanci suke ɗaukowa. Malaman zane kuma suna horar da mu ne kamar waɗanda za su buɗe shagon zane, ba wanda ke ambaton yaro ɗan shekara goma sha biyu. An bar wa ɗalibi shi kaɗai aikin haɗa su a kansa, kuma da yawa daga cikinmu sun riƙa ɗaukar darussan ilimi a matsayin haddar cin jarrabawa kawai. Har yanzu ina ganin wannan gyara ne da bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba.

Tarihin fasaha ne ya fara nuna mini hanya. Bayan an gama da Masar da Girka da Italiya, aka dawo gida: gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, da tagullar Ife da Benin. Sai labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka ce za su koyi dabarun Turawa, amma kowa ya koma ya ɗebo daga fasahar garinsu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ina jin haka na tuna da lallen da nake yi tun ina yarinya, wanda ban taɓa kawowa a raina cewa yana da mazauni a jami'a ba. Aka kuma ba mu labarin Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ke bayan takardar Naira 20, wadda ta koyi gini a ƙauye wurin 'yar'uwarta, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, har jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sashenmu ya kai mu ziyara Zariya da Kano. A cikin Masallacin Juma'a na Zariya na tsaya ina kallon bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga da ƙasa da azara tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma duk abin da aka koya mini a kan daidaito da maimaici da tafiyar layi yana nan a saman kaina. A marinar Ƙofar Mata kuwa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, wani dattijo ya tsoma farin ƙyalle a ramin baba ya ɗago shi kore shar, yana riƙe da shi a iska muna kallo yana rikiɗewa zuwa shuɗi. Ya sake tsomawa ya ɗago, kowane tsomi yana ƙara duhu. Ya ce mana, "'Ya'yana, baba da toka su ke cikin rami, amma iska ce take rinin." Malamin kimiyya zai ce haɗuwa da iskar shaƙa ce ke juya launin, kuma magana ɗaya suke yi.

A aji uku ne aka yi darasin da ya haɗa ginin nan biyu a ɗaki guda, wato dabarun koyar da zane. A nan muka karanta Viktor Lowenfeld, wani masanin koyar da zane, wanda littafinsa na 1947 ya bi matakan zanen yara tun daga zage-zagen ɗan shekara biyu. Abin da ya kama ni shi ne bayaninsa a kan masu shekara 11 zuwa 14, wato daidai 'yan ƙaramar sakandare. Ƙaramin yaro yana zane babu tsoro, ya zana babarsa ta fi gida tsawo kuma ya gamsu. Amma idan ya doshi balaga idonsa ya buɗe, ya fara gane cewa abin da ya zana bai yi kama da abin da yake gani ba, hannunsa kuma bai kai idon nasa ba. Sai kunya ta shigo, sai ya ajiye fensir, yawanci har abada. Da na fahimci wannan, darussan halayyar yara da na haddace a baya suka zama masu ma'ana. Malamin zane na ƙaramar sakandare yana tsaye ne daidai wurin da yara ke barin zane, shi ya sa iya zane kaɗai bai ishe shi ba, iya koyarwa kaɗai ma bai isa ba.

Kafin a tura mu makarantu sai da muka yi gwajin koyarwa a tsakaninmu, minti goma-goma, 'yan ajinmu su zama ɗalibai, malami yana gefe yana rubutu. Yadda za ka buɗe darasi, yadda za ka jefa tambaya ka jira, yadda za ka raba allo, yadda za ka rubuta manufar darasi da abin da ido zai iya gani: ba a yarda ka rubuta "ɗalibai za su fahimci kala" ba, sai dai "za su iya haɗa kala biyu su fitar da ta uku".

Koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP, mako shida-shida ce a aji uku da aji huɗu. An tura ni wata makarantar 'yan mata ta jeka-ki-dawo a bayan gari. A takarda an koya mana aji kada ya wuce yara arba'in. Ajin da aka ba ni ya ninka haka, wasu a benci, wasu a ƙasa, babu ɗakin zane, babu kwali, babu kala. Malamar da ke riƙe da darasin Hausa ta karanta, an dai haɗa mata shi ne don babu mai yi. Ta karɓe ni hannu biyu, ta ce, "Ƙanwata, ni dai rubutu nake ba su su kwafa, ke da kika karanta ki yi abin da ya dace." Littattafan yaran cike suke da ma'anar layi da ire-iren kala da sunayen kayan zanen da ba su taɓa gani ba.

Ranar farko na ce kowa ta ciro takarda ta zana abin da take so. Aka yi tsit, sai sunkuyar da kai, sai "Malama, ni ban iya zane ba" ta ko'ina. Abin da Lowenfeld ya faɗa ne sak a gabana. Amma ina zagayawa ina ganin hannayensu, da yawa akwai ragowar lallen bikin da aka yi a ƙarshen mako, zane mai kyau, siriri. Na tambayi wata, "Wa ya yi miki wannan?" Ta nuna ta kusa da ita, wadda yanzun nan ta ce ba ta iya zane ba. Darasi na gaba na ce kowa ta ɗora tafin hannunta a takarda ta zagaye shi da biro, sannan ta yi wa hannun takardar lalle. Ajin ya ɗauki hayaniyar aiki, har masu zaman ƙasa suna ɗora takarda a bayan juna. Da suka gama na liƙa guda goma a allo, muka fara ciro darasin daga ciki: ina layi miƙaƙƙe, ina lanƙwasasshe, wane fure ne aka maimaita, me ya sa wannan hannun ya yi nauyi a gefe guda, wancan kuma ya daidaita. Duk abin da ke rubuce a littattafansu sun riga suna yi da hannunsu, suna kawai ba su san shi ba. Daga lalle muka wuce zuwa zanen faifai da hula da aska takwas ta babbar riga, sannan a hankali na kawo tulu na ɗora a tebur na koya musu awo da fensir kamar yadda aka koya mini.

Kala kuwa mu muka haɗa abarmu. Jar ƙasa da farar ƙasa aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan ƙaro, gawayi ya ba mu baƙi kamar tawadar allo, gangamau ya ba mu rawaya, bular wanki ta ba mu shuɗi. Buroshi kuma asuwaki ne da aka tauna bakinsa, da gashin kaza. Bula da gangamau suna ba da kore, ko da yake ba mai haske ba. Wata yarinya ta ɗiga ruwan kanwa a cikin gangamau ya koma ja nan take, ajin ya kaure da salati, kuma ranar sai da malamin kimiyya ya leƙo ya ga abin da ake yi.

Mai duba ni daga jami'a ya zo ba sanarwa, kamar yadda ƙa'ida take. Ya zauna a baya da takardar maki: tsarin darasi, kayan koyarwa, amfani da allo, murya, riƙon aji, auna fahimta. Ya yaba kayan aikin, amma ya ce hayaniya ta yi yawa kuma darasin bai rufu cikin minti arba'in ba. Maganar lokaci gaskiyarsa ce, sai dai ba a iya raba kaya, a yi aiki, a wanke, a tattauna a minti arba'in da yara tamanin. Maganar hayaniya kuwa ban yarda da ita ba, kuma na gaya masa cikin ladabi. Takardar makin an tsara ta ne don darasin da malami ke magana yara na saurare, ita ake aunawa da kowane fanni.

Akwai wani giɓi da TP ta tona. Darasin da muke koyarwa a ƙaramar sakandare sunansa al'adu da fasahar ƙirƙira, CCA, kuma tun da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, bayan dokar ilimin bai-ɗaya, UBE, ta 2004, an haɗe zane da sana'ar hannu da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, malami guda. Ni kuwa zane aka horar da ni. Da na iso makon kiɗa a jadawali sai da na koma ɗalibar wani abokin karatu mai NCE a fannin kiɗa, ya koya mini rubutun sauti na farko-farko. Sauran na cike da abin da yaran suka zo da shi daga gida: waƙoƙin gaɗa don koyon kari da amshi, shantu da ƙwarya don kiɗa, wasannin tashe don wasan kwaikwayo. Ya yi aiki, amma ba haka ya kamata a ce ana yi ba. Tunda darasin a haɗe yake a makaranta, horon malaminsa ma ya kamata ya taɓo kowane ɓangare.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, ya same ni tsakanin aji uku da huɗu. Na tafi ƙauyen kakata na zauna wurin wata gwaggona maginiya. A jami'a a kan na'ura mai juyawa muka koyi tukwane, ita kuwa a kan kifaffiyar tsohuwar tukunya take buga yumɓu ta fitar da gindin, sannan ta ɗora sauran da hannu. Ta koya mini gane yumɓu mai kyau da taɓi, da yawan garin tsohon kasko da ake zubawa don kada ya fashe, da gashi a fili da kara da busasshen kashin shanu. Takan ce, "Ke 'yar boko, kada ki yi gaggawa, tukunyar da ba ta bushe ba wuta ce ke tona mata asiri." Wannan ilimin shi nake amfani da shi yanzu, don babu makarantar gwamnati da na taɓa shiga na ga murhun gasa tukwane.

Shekarar ƙarshe nauyi biyu ne: binciken kammalawa a ɓangaren ilimi, da baje kolin ayyuka a ɓangaren zane, inda malami daga wata jami'a yake zuwa ya duba. Bincikena a kan koyar da kala da kayan gida ne a ƙaramar sakandare, baje kolina kuma yadudduka ne na ɗaurin rini da baba, zanen jikinsu daga lalle da dagi. Baba ya zo. Ya daɗe a gaban wani shuɗin yadi yana shafa shi, sannan ya tambayi ko zai isa riga.

Bayan digiri akwai rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don yi wa malamai rajista, wadda tun 2017 sai an zauna jarrabawarta a kwamfuta. Yawancin tambayoyin da muka amsa daga ɓangaren ilimi suke, waɗancan darussan da wasunmu suka raina. Sai bautar ƙasa, sai neman aiki.

Yanzu ina koyar da aji ɗaya zuwa uku a wata ƙaramar sakandare. Abu na farko da na roƙi shugabar makaranta shi ne a haɗe mini darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, ta amince, kuma ta ba ni wani tsohon kabad da nake ajiye ƙaro da kwalaben kala. Wajen ba da maki, tun farkon aiki nake rubuta wa yara abin da zan duba a allo: bin umarni, tsafta, ƙoƙari, da abin da yarinya ta ƙaro na kanta, don kada makin ya zama na masu baiwa kaɗai. Ƙanne da ɗalibai masu son bin wannan hanya sukan zo neman shawara, nakan ce musu kafin su cike fom su je sashen da ƙafarsu, su ga ko akwai ɗakin aiki da murhu da wurin rini, su tambaya ko ana taɓa kiɗa da wasan kwaikwayo, su kuma fara tara kuɗin kayan aiki tun kafin sunansu ya fito.